Da Carbina Na Shiga Gidan Caca

Germantown

Duhun asuba bai gama washewa ba muka fito, wata Asabar cikin kaka. Na idar da salla, na ɗura kunun gyaɗa a filas, na yafa mayafi a kan rigar sanyi, na ɗauki carbina. Inda za mu kuwa ko a mafarki ban taɓa kawo wa raina ba, wato gidan caca. Ni Hajiya Binta, da na tsufa ina shugabar firamare a Kano, ina zane yaran da na kama da karta a bayan aji.

Ku tsaya ku ji dalili kafin ku fara salati. Wankan jego ne ya kai ni Amurka. Abba ɗan yayana ne, sunan mahaifinmu ya ci, shi ya sa ba na kama sunansa. Matarsa Rukayya ta haihu, babu babba a kusa, aka aiko mini da tikiti. Abba yana aiki a wani ofishin kwamfuta a nan Germantown cikin jihar Maryland, aikin da ya riƙe gidansa, ya kuma riƙe uwarsa a Fagge. Kwatsam sai ya ɗauko wata sabuwa. Wai ya koyi ƙirga kati, ranar Litinin zai ajiye aiki ya koma cin abinci da karta.

Rukayya ce ta tsegunta mini ina gasa mata jiki. Ta ce, "Gwaggo, ranar Asabar zai je ya gwada kansa a gaban mutane. In ya ga ya iya, aikin nan ya tafi ke nan. Don Allah ki bi shi, ke kaɗai yake jin nauyi." Na dubi jaririyar da aka yi mini takwara tana barci, na ji tsoro ya kama ni har cikin ƙashi. Na ce zan je, Allah ya san niyyata.

Kan hanya zuwa Frederick

Muka hau babban titin da suke kira 270, muka miƙa arewa. Tafiyar duka ba ta kai rabin Kano zuwa Zariya ba. Titi shimfiɗe, babu rami, babu shinge, babu mai tare ka ya ce a ba shi na goro. Da rana ta ɓullo sai na ga ikon Allah. Itatuwan gefen hanya sun rine, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, wasu kamar an tsoma su a lalle, har iyakar ganina. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan rini ba tare da karofi ba.

Abba na ganin na sake sai ya fara karanto mini darasi.

"Gwaggo, wannan fa ba caca ba ce, lissafi ne."

"To malam. Yaya lissafin yake?"

Ya ce wasan sunansa ashirin da ɗaya. Kai da mai rabon kati kuke karawa, wanda katinsa ya fi kusa da ashirin da ɗaya bai zarce ba shi ya ci. Mai ƙirga yana riƙe lissafi a ka: ƙaramin kati ya fito ya ƙara ɗaya, babba ya fito ya rage ɗaya. In ya ga manyan kati sun taru a ragowar da ba a raba ba, sai ya zuba kuɗi da yawa, don a lokacin sa'a ta karkato wajensa.

Na ce, "To wanda kake kwana kana yi a kwamfuta fa, me ya sa bai yi maka arziki ba?"

Ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce na intanet asara ce tsagwaronta, don na'ura tana sake cakuɗa katin bayan kowane zagaye, abin da ka ƙirga ya bi ruwa. Amma a zahiri kati yana cikin akwati, wanda ya fita ba ya komawa sai an gama. Can ne mai kai yake nuna kansa.

"Su masu gidan suna zaune sai ka kwashe su?"

Ya yi dariya har da dukan sitiyari. "Ai nan ne daɗin, Gwaggo. Suna da idanu ko'ina. Wawa suke so, shi suke ba wa abinci kyauta don ya dawo. Wanda ya iya kuwa, da sun gane shi sai su raka shi ƙofa. A wannan sana'ar kora ita ce digiri."

Na riƙe wannan maganar.

A Frederick muka tsaya gidan mai. Ya sayo kofi na dala biyu a kofin takarda, ni na sha kununa. Matar da ke kanti ta yaba mayafina, ta tambaye ni ko biki za mu. Na ce mata kusan haka.

Tsallaken kogi

Daga nan muka karkata yamma. Hanya ta shiga tsakanin duwatsu, sai ga kogin Potomac a ƙarƙashinmu, faɗinsa ya cika ido, hazo kwance a kan ruwa, ga wani kogin ya zo sun haɗe. Kafin in gama kallo mun haye gada biyu, Abba ya ce mun taka jiha uku ke nan, yanzu muna West Virginia. Babu wanda ya tambaye mu takarda. Na roƙe shi ya rage gudu in ƙara kallo, ya ce a nan ba a tsayawa a kan gada.

Cikin gidan

Wurin ajiye motocinsu kawai bene ne hawa-hawa. A bakin ƙofa mai gadi ya duba katin shaidar Abba, ya dube ni ya yi murmushi ya ce in wuce, furfurata ta isa shaida.

Jama'a, gani ya kori ji. Zaure ɗaya ne, amma ban ga ƙarshensa ba. Fitilu na walƙiya ta kowace kusurwa, ƙafa tana nutsewa a kafet, injinan caca jere-jere suna kuka da ƙararrawa. Babu taga ko ɗaya, babu agogo a bango. Da sanyin safiya muka shiga, amma a ciki ba safiya ba dare. Na ga wata tsohuwa da ta girme ni, da robar numfashi a hancinta, tana danna inji ba ta ko ƙiftawa. Na ɗaga kai, sai ga wasu baƙaƙen ƙwanƙwaloli kamar an kife ƙananan ƙore a rufi, birjik. Abba ya raɗa mini cewa kyamarori ne. Na ce kifi na ganinka mai jar koma.

Ya zauna a wani tebur mai koren ƙyalle, ni na tsaya a bayansa. Ya miƙa kuɗi da hannu biyu kamar yadda muka tarbiyyantar da shi, mai rabon, wata budurwa da farar riga, ta ƙi karɓa. Ta nuna masa tebur. Ashe a nan hannu ba ya taɓa hannu, sai ka ajiye a fili na sama su gani. Ta ba shi wasu kwabbai na roba masu launi a madadin kuɗin. Magana ma ba ta da amfani. In kana son ƙarin kati ka ƙwanƙwasa tebur, in ya ishe ka ka kaɗa tafin hannu.

Hannun yarinyar nan abin kallo ne. Kati na fita daga akwati kamar ruwa daga famfo. A gida Abba shi kaɗai ne da kwamfutarsa, ya tsaya ya yi tunani, ya kurɓi shayi. A nan ga maƙwabcinsa yana yi masa hirar ƙwallo, ga mai tallan abin sha, ga wani ya ci a teburin baya ana ihu. Ina ganin leɓensa yana motsi, gumi yana tsattsafo masa a wuya duk da sanyin wurin.

Ni kuwa na zaro carbina. Me ya rage mini in ba istigfari ba? Duk katin da ya faɗi sai in ce astagfirullah, in ja ƙwaya ɗaya. In na ga ya tura kwabbai da yawa gaba sai hannuna ya kai kafaɗarsa ban sani ba. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, ci ya fara yi. Kwabbai suka taru a gabansa, ya waiwayo ya kashe mini ido. Na ce a raina shi ke nan, aikin ofis ya tafi, me zan gaya wa Rukayya?

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sai ji na yi an tsaya a gefena. Wani dogon mutum ne cikin baƙar kwat, da 'yar waya a kunne, ya ce cikin ladabi mu ɗan zo gefe. Fuskar Abba ta washe kamar an yi masa albishir da Makka. Ya ce da ni da Hausa, "Gwaggo, kin gani ko? Sun gane ni."

Mutumin bai ko dube shi ba. Ni ya fuskanta, ya ce ko zan ba shi abin da ke hannuna ya gani. Turancinsu na hanci ne, amma tsohuwar malama ba a sayar da ita. Na miƙa masa. Ya juya carbin, ya latsa ƙwayoyin, ya leƙa tushen tuntun ko akwai batir. Ya ce tun da muka iso teburin suke kallona daga sama. Duk katin da ya sauka yatsana ya motsa, ko ɗaya ban tsallake ba, kuma ina taɓa kafaɗar mai wasa daidai lokacin da ake zuba da yawa.

Na ce, "Ɗana, neman gafarar Ubangiji nake yi, ni da wannan yaron da ku duka."

Ya ce ya yarda, ya kuma ba ni haƙuri, amma dokarsu ba ta bari a tsaya kan tebur da abin ƙirga a hannu, kuma ba za su iya barina kusa da kati ba daga yau. Mamaki ya hana ni jin haushi. Daga can ƙololuwar rufi, cikin wannan taron, an ga babban yatsan tsohuwa yana motsi. Na ce in ganin ɗan Adam ya kai haka, ina ga na mala'ikun da ke kafaɗa.

Abba ya gyara murya ya ce, "Ni fa? Ni ne nake wasan."

Mutumin ya yi murmushi har da ɗan rusunawa. Ya ce, "Kai ai ba mu da matsala da kai, yallaɓai. Mun duba wasanka sosai. Ka koma kujerarka, kuma ƙofarmu a buɗe take gare ka kullum." Ya zaro takardar cin abinci kyauta ta mutum biyu ya sa masa a hannu.

Na taɓa ganin yaro ya duba allo bai ga sunansa cikin waɗanda suka ci jarrabawa ba. Irin wannan fuskar na gani. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ya tsaya yana kallon takardar, can ya ce, "Gwaggo, mu tafi."

Komowa

Da muka fito rana ta riga ta karkata, azahar tana neman kuɓuce mana. Muka shimfiɗa darduma a gefen mota a saman benen, iska tana kaɗa mu, muka yi salla. Muka kama hanyar gida, muka haye kogin. Sai da muka wuce Frederick na kasa daurewa.

"Abba, ashe yau ni na yi digiri."

Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ƙwalla ta zubo, ban kuma tabbata duka ta dariya ce ba. Ya ce tun zagaye na uku lissafin ya ɓace masa, sauran duk kame-kame ne, cin da ya yi ma sa'a ce kawai. Ya sauke gilas zai jefar da takardar abincin, na ce kul, a garin nan ana cin tara. Ya cusa ta cikin kofin kofinsa.

Muka iso Germantown da la'asar. Rukayya na tsaye a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, idonta a kaina. Abba ya karɓi 'yarsa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Rukayya, farar rigar nan tawa ta ofis, an goge ta kuwa?"

Ta ce, "Yanzu zan goge."

Na ce, "Zauna, mai jego ba ta guga. Kawo dutsen."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Abba da ya tuƙa ni, har mutumin nan mai baƙar kwat ina yi masa fatan shiriya. Ranar Litinin ina kan darduma na ji ƙarar makullin mota. Na ɗaga labule, na ga farar riga ta nufi ofis, na ja ƙwaya ɗaya.