Yau Bidi Ya Tsaya Wa Baba

Jama'a, yau saura ƙiris doki ya ja Babanmu a ƙasa!

Dokina Bidi ba ya tsayawa a hau shi. Kana sa ƙafa a likkafa, ya zabura. Sati uku ina fama: in taka likkafa, in ce "Tsaya", in ya natsu in ba shi dusa.

Ɗazu da hantsi Baba ya zo daga Nahuce, ya ce sai ya hau. Na ce, "Baba, gwiwarka fa?" Ya ce, "Kai, riƙe min linzami!"

Yana yunƙurawa sirdi ya zame! Baba ya faɗi, ƙafarsa ta maƙale a likkafa. Daidai nan wani ɗan kabu-kabu ya danna hon a bayanmu. Linzami ya kuɓuce min! Innarmu da ke kallo ta ɗauki salati.

Na ce, "Bidi, tsaya!"

Wallahi ya tsaya! Jikinsa na kyarma, amma ko kofato bai ɗaga ba har na zare ƙafar.

Baba ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Mi kake kallo? Ɗaure sirdin da kyau."

Kuma ya hau abinsa!