Takardar Kakana

Ranar da na je neman aiki a wani asibiti a Gadarif, nan ƙasar Sudan, ba wanda ya tambaye ni takarda. Lokacin yankan riɗi ne, an zube leburori a baranda, wannan lauje ya sare shi, wancan maciji. Babbar nas ta dubi damatsana kawai, ta miƙo mini bokiti.

Shekara huɗu ina mataimakiya. Na kwashe amai, na wanke gyambo, har allura aka sakar mini saboda hannuna ba ya rawa. Sababbin 'yan mata kuwa, ni nake nuna musu jijiya.

Da aka buɗe makarantar nas, na kai sunana. Magatakarda ya ji ina gaisawa da wata tsohuwa da Hausa, sai ya ture fom ɗina gefe. Wai sai na kawo jinsiyya, takardar zama 'yar ƙasa, da shaidun inda aka haifi kakana.

Na ce, "Ustaz, kakana yana maƙabartar garin Doka. Ko in tono maka shi?"

Bai ko ɗago kai ba.

Shekara biyu ina jan tsofaffin unguwarmu daga ofis zuwa ofis suna rantsuwa, ɗaya ya rasu ba a gama ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Na shiga makarantar daga baya. Ranar jarrabawar allura, wadda ta tsaya a kaina tana ba ni maki, ni na koya mata riƙe sirinji.