Tsohon Da Ke Ƙwanƙwasa Titinmu

Wata rana, farkon damina, wani tsoho ya ɓullo a bakin titinmu da sanda mai kan ƙarfe.

Babban titin garinmu nake nufi. Wanda ya taso daga tsohuwar ƙofar gari, ya ratsa kasuwar hatsi, ya yi wata irin kwana daidai shagona na ɗinki, sannan ya miƙe kudu har tashar manyan motoci.

Tsohon nan ba ya bara, ba ya sayen komai.

Sai ya yi taku uku, ya buga sandar a ƙasa, ya karkata kai yana saurare. In ya ga dama ya ciro gawayi ya ja layi a jikin bango.

Ni fa Allah ya yi ni da zargi, ba zan ɓoye muku ba. Kuma a wannan zamani, wa zai ga baƙo na yi wa bango alama hankalinsa ya kwanta?

Washegari ya dawo. Ya sake dawowa.

Ɗanlami mai faci, maƙwabcina, ya ce ɗan rahoton ɓarayi ne. Mai shayi ya ce a'a, rusau za a yi, shi aka turo ya auna. Mai ƙosai ta rantse asiri yake binnewa. Ni kuwa na yarda da su duka ukun.

Rana ta huɗu ya ja layinsa a ƙofar shagona.

Ban san lokacin da na bar keken ɗinki ba. Na ci kwalarsa, na kwarma ihu. Nan da nan titi ya cika. Wasu da gora, wasu da duwatsu. Na hango wani ya mirgino tsohuwar taya, kun kuwa san abin da ke biyo bayan wannan.

Na girgiza shi na ce, “Baba, wa ya aiko ka?”

“Ba wanda ya aiko ni, ɗana. Rijiya nake nema.”

“A kan kwalta?”

“A ƙarƙashi. Ni na rufe ta da hannuna.”



Ashe mahaƙin rijiya ne, ɗan gado. Ya ce kafin kwalta, titin nan hanyar fatake ce, ta jakuna da raƙuma. Kwanar da ke gaban shagona ma ba banza ba ce, wurin ruwa ayari ke karkatowa.

Da aka zo aikin titi yana saurayi, aka ce ya cike rijiyar. A gidansu kuwa ba a cike rijiya mai ruwa. Sai ya shimfiɗa mata azara, ya bi da ƙasa, ya ce an gama.

Shekara hamsin ke nan. Tun daga nan an faɗaɗa titi, an sare tsamiyar da yake gane wurin da ita. Shi kuma duk damina sai ya riƙa lissafin ƙarfin da ya rage wa azarar.

Ban yarda ba. Wallahi har lokacin ban saki rigarsa ba.

Ɗanlami ya ɗauko dogon rodi, ya ture bencin da masu kawo mini ɗinki ke zama, ya kafa daidai layin gawayin. Bugu ɗaya. Bugu biyu.

A na uku rodin ya suɓuce daga hannunsa, ya shige ƙasa gaba ɗaya.

Muka kasa kunne.

Can muka ji tsundum.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini.

Ya ce ba komai, a dai kewaye wurin, a sanar da hukuma yau ɗin nan. Ya haɗa wuyan rigar da na yaga, ya tsinci sandarsa, ya nufi kudu.

Na ce ya tsaya ya sha ruwa mana.

Ya ce ba zai iya zama ba. Rijiya uku ya rufe haka a wancan lokacin, saura biyu bai gano ba.

Darasi: Sa ido a kan baƙo ba laifi ba ne. Amma ka fara tambaya kafin ka tara jama'a, domin ihun da ka yi ba kai ke iya tsayar da shi ba. Saura ƙiris a kashe mutumin da ya zo ceton mu, kuma ni na fara ɗaga murya.

Ka tura wa mai saurin hannu irina, ko Allah zai sa ya karanta kafin ranarsa ta zo.