Gujon Uku da Suka Tsayar da Jirgin Feshi

Shekarar da tsuntsayen jan baki suka sauka kan shinkafar bakin gulbi, ina makanike a garejin gwamnati a Gaya, aikina manyan motoci da injinan ban ruwa. Zamanin mulkin soja ne. Aka turo mana ƙaramin jirgin feshi daga Yamai, mai farfela ɗaya a hanci. Ya yi aiki kwana biyu, rana ta uku da safe matuƙin ya murɗa makulli, injin ya yi ƙas, ya yi shiru. Demarer ɗinsa, wato na'urar da ke tayar da inji, ta ƙone.

Sabuwa ta iso bayan kwana biyu, amma makaniken jirgin zazzaɓi ya kwantar da shi a Dosso. Sai ajidan, wato babban sojan da ke gadin filin jirgin, ya aiko aka ɗauko ni. Na ce masa ban taɓa sa hannu a jirgi ba. Ya ce inji dai inji ne, in ɗauko kayan aikina.

Cire tsohuwar bai ba ni wuya ba. Da na ɗora sabuwar, sai na ga gindinta ya fi na waccan kauri. Akwai gujon uku da ke dashe a jikin injin, ƙarafa masu zare waɗanda ake zura demarer a kansu a ɗaure da ekuru, wato noti. Da ƙyar kawunansu suka leƙo. Ekuru ya kama zare biyu ya tsaya.

Ajidan ya tambaye ni nawa ya rage. Na nuna masa faɗin farcena. Ya dubi farcen, ya dube ni.

"Saboda wannan jirgin gwamnati zai zauna a ƙasa?"

Ya ba da umarni in goge gindin demarer da magagari har ya sirance. Matuƙin, wani dogon Bazabarme marar yawan magana, yana zaune a inuwar fiffike yana ɓare gyaɗa. Bai ko ɗago kai ba ya ce ya yarda, amma wanda ya ba da umarnin shi zai fara ɗauka su zaga gari. Ajidan ya ce a dakata da magagarin tukuna.

Kafin azahar manoma sun cika filin, kowa da shawararsa. Wani maƙeri daga Tanda ya ce in cire masa ƙarafan ya sa a wuta ya buga, haka yake ƙara wa ruwan fartanya tsawo. Da matuƙin ya ƙi, maƙerin ya tafi yana faɗin cewa ba a taɓa raina aikinsa haka ba.

Washegari ajidan ya tura ni kasuwar Malanbil, ƙetaren gada, tare da wani soja ɗan rakiya. Na karya tsinken tsintsiya daidai tsawon da ake buƙata, na ba sojan ya riƙe don aljihuna a huje yake. Muka tsaya muka ci soyayyen kifi a bakin gada. Da muka isa rumfar masu tsofaffin ƙarafa na ce ya kawo awon, sai na ga rabinsa a bakinsa, ya yi sakace da shi. Na sayi gujon kala biyar da ka. Ko ɗaya bai shiga ba, domin zaren jirgin na Amurka ne, namu kuwa na Faransa.

Tsuntsaye dai ba su jira mu ba. A nan ne matuƙin ya ce ana iya tayar da injin da hannu, in an sami mai juya farfela. Sojojin nan duk suka shiga gyaran igiyar takalmi. Ajidan ya nuna ni.

Muka mayar da matacciyar demarer mazauninta. Matuƙin ya koya mini yadda zan ɗora tafin hannu ba tare da na lanƙwasa yatsu a bayan farfela ba, in ja ƙasa da ƙarfi, in ja baya taku biyu. Ja na farko shiru, na biyu tari. A na uku injin ya kama da ruri, ni kuwa taku biyun nan ban tsaya ba sai cikin gonar dawar wani. Kullum da safe haka na yi, har kwana shida.

Rana ta bakwai makaniken jirgin ya iso, ya rame, da dogayen gujon uku a cikin ambulan mai hatimi. Ya matse ekuru biyu a kan kowane tsohon gujon ya warware shi, ya dasa sabo. Kafin shayin da aka ɗora ya tafasa ya gama.

Matata ba ta san abin da nake yi a filin ba, na ce mata ina kama wa makanike ne. A kasuwa wata mai tuyar ƙosai ta yi mata barka da auren jarumi, ta kuma kwatanta mata har da gudun. Da na dawo gida ba ta amsa sallamata ba. Ta kama hannayena, ta duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ajiye mini tuwo ta koma ɗaki.