Goruna Goma Sha Ɗaya na Kaka

Akwai wata ƙaramar gora a kan teburina a wurin aiki. Abokan aikina sun ɗauka ado ce. Idan na girgiza ta, ragowar irin da ke ciki ya yi ƙara, sai in ga kaina a ɗakin Kaka, a ƙauyenmu da ke gefen Tudun Wada, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Aikina shi ne tsara fuskar waya da ta kwamfuta, wato in yanke inda kowace alama za ta zauna don mutum ya tuna inda ya bar abinsa. Ana koya mana cewa mutum ya fi tuna wuri a kan suna. Ni tun kafin in ga kwamfuta na san wannan, kuma ban ji daɗin yadda na koya ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce mai ajiye irin shuka na gidanmu. Ba ta karatu, idonta kuma ya riga ya yi rauni, amma ba ta taɓa laluben abu sau biyu ba. Goruna goma sha ɗaya ne rataye a bangon ɗakinta, kowace da ƙusarta. Wake na bayan ƙofa, riɗi na saman randa, kuɓewa na kusa da taga. Daga gabas, inda take kallo in za ta yi salla, akwai goruna biyu masu kama ɗaya, domin uwar duma ɗaya ta haife su a bayan danga. Ta dama gero ne mai saurin nuna, wanda ke fitar da mu daga yunwar damina. Ta hagu maiwa ce, wadda sai lokacin kaka ya yi nisa take nuna. Ɗakin kullum yana warin toka da hayaƙi, saboda da toka take cakuɗa irin don kada ƙwari su ci.

Wata bazara ta tafi suna Kafin Maiyaki, za ta kwana biyu. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, an ba ni shugabar tsafta a makaranta, ba na ganin yanar gizo-gizo in ƙyale. Na sauke gorunan nan kaf, na share bango, na goge su da tsumma, na mayar da su yadda na ga ya fi kyau. Har ina jiran a sa mini albarka.

Da ta dawo ta miƙa hannu bayan ƙofa, sai ta tsaya cak.

"Wa ya shigar mini ɗaki?"

Muryarta ba ta faɗa ba ce. Na laɓe a bayan Inna, mahaifiyata. Inna ta ce wataƙila yara ne. Kaka ta bi gorunan ɗaya bayan ɗaya tana girgizawa a kunne, tana mayar da kowace mazauninta. Ƙarar wake daban, ta riɗi daban. Amma gero da maiwa ƙararsu ɗaya, a tafin hannu ma ba su da wani bambanci. Ta same su a gabas, ɗaya dama ɗaya hagu, sai ta bar su. Ni kaɗai na san ban kula da wacce na rataya a ina ba.

Ruwan farko ya sauka, Baba ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ta ɗauko gorar dama ta ba shi. Ya shuke gonar bayan gida duka.

Ka san yadda marka take a wajenmu: rumbu ya yi ƙasa, ruwa ba ya ɗaukewa, kowa idonsa na kan gero. Maƙwabta suka fara gasa tumu, ƙamshi yana shigo mana ta kan katanga. Namu kuwa ya yi tsawo, ya yi kore shar, babu ko kai ɗaya. A shekarar mun ci tafasa da rama har suka fita ranmu. Baba ya sayar da akuyoyi biyu a kasuwar Kiru. Bai ce wa mahaifiyarsa komai ba, amma ita ta je gonar da sandarta, ta shafa ganyen, ta gane maiwa ce.

Da la'asar na same ta zaune tana fuskantar bangon gabas.

"Shekara hamsin hannuna bai ɓata ba," in ji ta. "Ashe kaina ya fara tafiya."

Maganar tana bakina. Wallahi tana bakina. Tsoron bulala ya hana ni, daga baya kunya ta karɓa. Kafin wata damina ta sauke gorunan ta miƙa wa Inna, ta ce ba za ta ƙara amincewa da kanta ba. Daga nan ta daina fita, ta koma tambayarmu abin da ta sani sarai. Bayan shekara uku Allah Ya karɓi abarsa. Ta tafi tana zargin kanta da laifin da ni na yi, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Shi ya sa a wurin aiki ake ce mini mai taurin kai. Duk wanda ya ce a matsar da wata alama daga inda mutane suka saba ganinta don fuska ta yi kyau, sai mun yi da shi. Wani lokaci in ci nasara, sau da yawa a fi ƙarfina.

Yanzu babu gora a bangon gidanmu, iri a leda ake sayowa. Watan jiya Inna ta kira ni da wayar maƙwabciya. Tata wayar ta sabunta kanta, komai ya bar wurinsa. Ita ma ba ta karatu, abin da ta sani shi ne hotona yana sama daga dama.

"Na duba inda kike, ban gan ki ba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ko dai kaina ne ya fara?"



"Ba kanki ba ne, Inna," na ce. "Wani ne ya shigar miki ɗaki."