Wankan Juma'a a Kan Dutse

Ni tela ne a kasuwar Gadarif, kuma ba matafiyi ba ne. Son gani kawai ya kai ni ƙauyen nan na kan dutse. Kakana ya sha ba mu labarin wani gari a cikin duwatsun da ke tsakaninmu da Hawata, inda ayarinsu ya yi damina a kan hanyar Makka, wasu suka zauna can ba su ƙara gaba ba. Mijin ƙanwata direban lori ne. Ran da ya ce zai kai dawa garin, sai na rufe shago na hau gaba kusa da shi.

Tsakiyar bazara ce. Baƙar ƙasar gonaki ta tsattsage har hannun mutum yana shiga. Da muka bar fili muka fara hawa, lorin ya yi ta kuka yana tsalle a kan duwatsu, muna dab da bukkokin farko wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinsa. Direban ya shiga ya duba, ya fito ya ce sai ya koma Hawata neman irinsa. Ya sami mai babur zai sauka.

"Kai zauna nan, usta," ya ce da ni yana dariya, don usta ake kiran mai sana'a a wurinmu. "Garin kakanka kake so, to ga shi. Ka gan shi har ya ishe ka."

Wani dattijo siriri mai gemu kaɗan ya ɗauki jakata bai tambaye ni ba. Ya kai ni rumfar ƙofar gidansa, ya jawo mini angarib, gadon nan namu na igiya. Da na faɗi daga inda kakana ya fito, sai ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ga jikan mutanen ayari. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, Larabci kaɗan a ciki. Ni Baba nake ce masa, matar kuma Iya.

Shi ne mai rabon ruwa na garin. Ruwansu duka a wuri ɗaya yake, wani kogo mai zurfi a bayan dutse wanda damina ke cikawa, a rufe bakinsa da ƙaya. Kowace safiya Baba zai zauna a bakin kogon da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, mata su yi layi da tuluna da jarkoki, ya auna wa kowane gida daidai yawan bakunansa. In ya gama ya mayar da ƙaya, ba mai ƙara zuwa wurin sai gobe. A watannin nan ba wanda ke wanka. Taimama suke yi, kwanuka kuma da yashi ake goge su. Gawa da mai haihuwa kaɗai ake ɗebar wa ƙari. Mahaifinsa ne ya yi wannan aiki kafin shi, kuma na lura ko liman in zai yi magana a kan ruwa sai ya dubi Baba tukuna. Ba shi da shanu, ba shi da gona mai girma. Amanar nan ita ce duk abin da ya mallaka.

Ba zan ce ban san darajar ruwa ba. Mu ma a Gadarif mai jaki ke kawo mana a ganga, kuma na taɓa marin ɗana don ya bar murfin randa a buɗe akuya ta sa baki. Na sani sarai. Amma da na ga mutanen da suka fi ni wahala, sai wani girman kai ya shige ni, na riƙa jin kaina ɗan birni.

Iya takan kawo mini kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa busasshiya, da ruwa a kofin silba. Da hantsi ta gasa gahawa ta zuba a jabana, 'yar butar gahawa ta yumɓu. Na lura su biyun ba sa shan ruwa in ina wurin, na kuwa gane dalili, amma na ci gaba da miƙa kofi. Zafi ya fito mini da ƙuraje a wuya da hammata. Jallabiyata ta koma kalar ƙasa. Ba hanyar waya balle in kira direba in zage shi, sai na huce a kan wanda ke kusa.

"Baba, wai ku sai kun mutu ake muku wanka?"

Ya yi dariya. "Shi ya sa muke mutuwa da murna, ɗana."

"Wallahi a Gadarif ko jaki ana watsa masa ruwa ran Juma'a."

"Jakunanku sun yi sa'a."

Ya ɗauka wasa ne, ni kuwa ban tsaya ba. In ya zo gaishe ni sai in buɗe wuyan riga in yi ta susa a gabansa. In mutane sun taru a rumfar da yamma, in toshe hanci da gefen rawani kamar ƙura nake gudu. Ran Alhamis na faɗi wadda ta fi muni. Na ce kakana har ya rasu yana yabon mutanen dutsen nan, yana cewa ba a taɓa karrama baƙo kamar yadda suka karrama su ba, amma da alama waɗancan duk sun mutu. Na ce gobe ba zan shiga masallaci da wannan ƙazanta ba, gara in yi azahar ni kaɗai a rumfa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya dubi ƙasa, ya ce Allah ya ji ƙan magabata, ya tashi.

Washegari da hantsi, bayan an gama rabo kowa ya shige inuwa, sai Baba ya taɓa ƙafata. Ya kai ni bayan bukka. Ga jarka cike, ga tasa, ga guntun sabulu. Rigarsa ta jiƙe a kafaɗa, yana haki.

"Yi maza," ya ce. "Ka zuba ruwan a ramin can, ka rufe da ƙasa."

Ban tambaye shi daga ina ba, don na sani. Na yi wanka har da sabi biyu. Da ruwa ya ragu, na wanke jallabiyata tas, na shanya ta a kan danga. Ramin da ya nuna mini na manta da shi, ruwan kumfa ya gangara ta ƙarƙashin danga har hanya, kaji da awakin maƙwabta suka taru a kai. Rana ta busar da rigar nan da nan. Na sa ta, na shafa turare, na nufi masallaci.

Duk sahun nan kalar ƙasa ne, ni kaɗai fari. Mutumin da ke gefena ya shaƙi ƙamshin sabulu, ya juyo ya dube ni daga wuya har ƙafa. A lokacin na ji daɗin kallon. Wannan ma sai na faɗa.

Ana sallamewa ba wanda ya tashi. Direban lori ya dawo da safiyar nan, yana tsaye a bakin rumfar masallaci da baƙin mai a hannu. Wani dogon mutum wanda akuyarsa ta mutu da ƙishirwa cikin makon ya miƙe.

"Liman, a tambayi mai rabo. Wa ya mutu a gidansa, ko Iya ce ta haihu ba mu ji ba?"

Wasu suka yi dariya, amma gajeriya. Baba yana zaune bai ɗaga kai ba.

Liman mutumin kirki ne, kuma na ga yana neman ƙofa. Ya juyo gare ni ya yi magana a hankali don in fahimta. Ya ce a garin nan baƙo ba ya laifi sai na rashin sani. In baƙo ne ya matsa wa mai masaukinsa har kunya ta sa ya ɗebo, to baƙon zai ɗauki tulu a ka, ya sauka hafiri, tafkin da aka haƙa can gindin dutse inda dabbobin makiyaya ke sha, ya hau da ruwa ya biya abin da ya ɓata, magana ta mutu. In kuwa mai rabo ne ya ɗebo don ra'ayin kansa, an karɓe ƙwarya ke nan, a fasa tulun gidansa, gidansa ya koma ƙarshen layi.

"To, ɗana," ya ce. "Kai ka nema?"

Na dubi hanyar da ke gangarawa. Na ga kaina da tulu a ka cikin farar jallabiya, mata suna leƙe ta danga. Na dubi direba, na ga har ya fara murmushi, na san kafin mako labarin ya zaga layin teloli, ya kai wurin masu shayi, kuma har in tsufa sunana mai tulu. Abin da na auna ke nan. Na kuma tuna cewa ban taɓa buɗe baki na ce a ba ni ruwa ba.

"Ni ban roƙi kowa komai ba, ya shehu. Na tarar an ajiye mini."

Liman ya ƙara ba ni dama. "Ka tuna da kyau. Ko da wasa?"

"Ban roƙa ba."

Sai muryar Iya ta fito daga bayan zana, inda mata ke sallah. "Jakin Gadarif fa? Wa ya ce ana wa jaki wanka ran Juma'a? Wa ya ce mutanen kirki sun mutu? Ka shanye rabona ina kallo, ɗan birni, ka sha na tsoho."

"Ke, ya isa," Baba ya ce, bai ɗaga murya ba. Ya juya ga liman. "Gaskiya ya faɗa. Bai roƙa ba. Ni na ɗebo."

Aka aika aka kawo ƙwaryar da tulun. Liman ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya rasa wanda zai ba, dogon mutumin ya miƙo hannu ya amsa. Shi ne kuma ya ɗaga tulun ya sake shi a kan dutse. Akwai sauran ruwa a ciki, rabonsu na ranar, ƙasa ta shanye shi muna kallo. Mutane suka watse ba wanda ya yi wa Baba sallama. Ya durƙusa yana tsince ɓaraguzan don kada su yanki ƙafar wani.

Da la'asar lori ya tashi. Na so in sulale, amma Baba ya riga ni ɗaukar jakar, don a wurinsu wanda ya sauke baƙo shi ke raka shi. Muka bi ta tsakiyar gari, yana gaba ina baya. Ya miƙa jakar sama, ya ce in gaida mutanen gida, Allah ya kiyaye hanya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne amin.

Da muka iso fili direba ya juyo ya dube ni.

"Da ka ɗauki tulun, da na yi maka dariya wata guda," ya ce. "Yanzu ban san me zan faɗa wa ƙanwarka ba."

Bai faɗa wa kowa ba, a kasuwa kuma ba wanda ya ji. Bayan kaka ya sake kai kaya garin, ya dawo ya tsaya a bakin shagona bai zauna ba. Ya ce ƙarshen layi a ƙarshen bazara laka ce, ita Baba da Iya suka sha har ruwan sama ya sauka. Da damina ta yi nisa suka rufe bukkar suka sauka Fashaga, yankin manyan gonaki, Baba yana yankan riɗi a gonar wani tare da samari 'yan ƙwadago, Iya tana dafa musu abinci. Na tambaye shi wace gona. Ya ce in ina so zai bincika ya kai ni. Na ce sai aikin sallah ya ragu. An yi sallah da yawa tun daga lokacin, ban je ba, Allah ya yafe mini.