Jan Fenti a Kan Waƙoƙin Koriyar Taga

Mijin yayata ya shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar murya a gidan talabijin, ni kuma na yi ashirin da takwas a wurin ina masinja. Shi ya samo mini aikin, kuma bai taɓa goranta mini ba, sai dai in muna wasa ya ce da ya san haka nake tafiya kamar mai tausayin ƙasa, da gadi ya nema mini. A wurin aiki Kunne ake ce masa. Sunan ya bi shi har gida, jikokinsa ma Baba Kunne suke cewa.

Gajere ne, mai ƙananan hannuwa, kullum da sukudireba a aljihun gaba. Ba shi da yawan magana. Yana iya tsayar da aiki ya ce akwai fanka tana kaɗawa a ofis na uku, a je a kashe. A je kuwa a tarar da ita.

A shekararsa ta bakwai aka fara wani shirin yara mai suna Koriyar Taga. Bangon katako ne da taga koriya a jiki. Wani kunkuru na 'yar tsana yakan leƙo ya yi tambayar wauta, wata malama da kowa ke kira Anti ta ba shi amsa da waƙa, yara su karɓa. Da haka ake koya musu ƙirga da haruffa da wanke hannu. Ba a yi wata shida ba iyaye suka fara aiko wasiƙu, wai yara sun hana su sakat da waƙoƙin, kuma rabi-rabi suka iya. Ni nake ɗauko wasiƙun daga gidan waya, na san nauyinsu. Daga nan aka ce a fitar da waƙoƙin a faifai, aka ɗora wa Kunne ɗaukar.

Faifai biyar aka yi a cikin shekara goma sha shida. Na fari na ƙirga ne, faifan garmaho, waƙa goma. A wani ɗaki aka ɗauka da Kunne ya lulluɓe bangonsa da barguna da kwalayen ƙwai, yaran kuma 'ya'yan ma'aikata ne, su goma sha biyu. Na biyu na haruffa, shi ma garmaho. Na uku a kaset ya fito, na tsabta da tsallaka titi, kuma shi ya fi bazuwa, don a lokacin kowane mai shago yana da rediyo mai kaset. Na huɗu wani sabon shugaba ya kawo masu jita da ganguna irin na zamani, iyaye suka ce an mai da musu yara 'yan rawa. Na biyar shi ne na sallama, shekarar da Anti ta aje aiki aka rufe shirin.

Kunne yana da yadda yake yi da yara. Takalma a bakin ƙofa, don ƙafar yaro ba ta zama wuri ɗaya. Dogaye a baya, masu ƙaramar murya kusa da makirfo. Akwai jar fitila da take kamawa in an fara ɗauka, shi kuwa sai ya cire hularsa ya kifa mata, ya ce wa Anti a yi gwaji tukuna. Yara su saki jiki su rera, su a ganinsu wasa ake, ashe injin yana juyawa. Da sun gama su gyara tsayuwa suna jiran na gaske, sai ya ce a je a sa takalma. Duk waƙoƙin nan da mutane suka haddace, gwaji ne.

Ainihin tef ɗin da aka ɗauki murya a kai, wanda daga shi ake buga faifai da kaset, uwa muke ce masa. Zare ne a naɗe kamar faranti, a cikin kwali mai faɗi. To a zamanin tef yana wuya. Mutanen sashen labarai in nasu ya ƙare sai su shigo sito su ɗauki duk wanda hannu ya kai, su goge su ɗora nasu. Ba su tambaya, su a wurinsu labarai ne aiki, sauran duk wasa. Abu ɗaya ba sa taɓawa, kwalin da aka ja wa jan fenti. Jan fenti alama ce tef ya lalace, ko ya tsinke ko ya sha ruwa, kuma ba a zubarwa sai an zo bincike an gani, binciken da ba a taɓa zuwa ba.

Ranar da aka gama faifai na fari Kunne ya aike ni wajen kafinta in karɓo gwangwanin jan fenti. A gabana ya ja wa kwalin layi biyu, ya sa a rubuta a littafin sito cewa ya lalace, ya kai shi kantar ƙasa bayan ƙofa. Na ce, "Yaya, ai wannan ƙarya ce." Ya ce in ƙarya ce shi zai amsa, ni dai in rufe bakina. Haka ya yi wa duka biyar ɗin, kuma ba wanda ya taɓa su. Ya aje aiki, na bi bayansa da shekara biyu, maganar ta fita daga kanmu.

Bara, wata Lahadi da hantsi, na biya ta gidan talabijin ɗin in gaida mai gadi, don tare muka yi aiki. Na tarar da barandar baya cike da kwalaye an jibge, kowanne da jan fenti. Ya ce ai tashi za a yi zuwa sabon gini, masu kyau an riga an kwashe, waɗannan shara ce, ranar Alhamis da safe mota za ta zo.

Ban tsaya shan ruwa ba na wuce gidan yayata. Kunne yana zaune a tsakar gida yana gyara wa maƙwabciya dutsen guga. Sai da na maimaita sau uku kafin ya gane, don kunnen nan da ake ji da shi ya tafi, na hagu gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Ya aje sukudireba. Yayata da ke wanki ta ce, "To, mai dabara. Garin neman gira za ka rasa ido." Ya ce in zo da sassafe mu je can.

Shugabar sashen shirin yara da muka tarar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta karɓe mu da mutunci, ta sa aka kawo kujeru. Da Kunne ya gama bayani ta jawo wani tsohon littafi ta buɗe. Ashe wata uku ke nan tana neman uwayen nan, tana so a sake fitar da waƙoƙin yadda za a ji su a waya, ta tarar an rubuta duk sun lalace. Har ta haƙura ta fara tattara tsofaffin kaset daga hannun mutane, waɗanda muryar Anti take rawa a ciki kamar mai jin sanyi.

"Baba, wa ya rubuta sun lalace?"

"Ni na sa aka rubuta, 'yata."

Ta dube shi, ta dube ni, ta rufe baki da hannu tana dariya. Sai ta ce to ya nuna mata su. A nan gizo ya yi saƙa. Kunne bai yi musu wata alama ta daban ba, ko suna bai rubuta ba don kada a gane. Shi kantar ƙasa bayan ƙofa ya riƙe a kai. Kantar kuwa an fidda ita tun shekarar da rufi ya yi yoyo, aka haɗa masu jan fenti duka wuri guda. Muka ƙirga, kwali ɗari biyu da talatin da huɗu, iri ɗaya sak. Shugabar ta ce motar ba a hannunta take ba, masu ginin sun ba da rana, amma daga yau zuwa Laraba baranda tamu ce.

Aka jawo mana tsohon injin daga cikin kayan da za a zubar. Kunne ya buɗe cikinsa, ya hure ƙura, ya canza wata roba, kafin azahar ya tashi. Sai dai shi ba ya ji, ni kuma ban taɓa saka tef a inji ba, ɗauka kawai na sani. Don haka muka raba aiki. Shi ya zare tef ya bi da shi ta ƙafafun injin, ni in kifa abin saurare a kunne in gaya masa abin da na ji. Ya ce duniya ke nan, yau masinja ne mai ɗaukar murya. Na ce ya yi a hankali, in na yi fushi zan ce ban ji komai ba.

Aikin ba ya sauri. Tsohon tef in aka ja shi da gudu tsinkewa yake yi, dole a bar shi ya tafi da ƙafarsa. Ga shi Kunne yana da al'adar ɗaukar shirun ɗaki na minti biyu kafin a fara waƙa, saboda haka in na ji shiru ba dama in ce babu komai, sai na jira. Na ji abubuwa a kwana ukun nan. Jawabin buɗe gada, rabin wasan ƙwallo, wani likita yana bayanin ciwon haƙori, wani kuma tari kawai yake yi har tef ya ƙare.

Litinin da la'asar na ji jita. Na ɗaga hannu. Kunne ya karɓi abin sauraren ya danna a kunnen dama da ƙarfi, ya daɗe, sannan ya ce, "Duk cikin biyar, wannan mai hayaniyar ce ta fara fitowa." Amma na ga yadda ya riƙe kwalin da hannu biyu ya kai wa shugabar da kansa. Talata muka sami na uku da na biyar, kusa da juna. Laraba da hantsi na ji yara suna cewa kunkuru ya leƙo taga, ƙafa huɗu, kai ɗaya, na san na fari ne. Ma'aikata suka fito daga ofisoshi aka sa a lasifika. Wani mai furfura a gemu, direba ne, ya tsaya yana bin waƙar baiti-baiti, bai kuskure ko ɗaya ba.

Aka tashi aiki ranar Laraba saura kwali hamsin da ɗaya, na haruffa bai fito ba. Kunne ya zauna a bakin baranda yana kallonsu. Shugabar ta ce sabon ginin ba shi da sito, ko ofishinta ma da wani za ta raba. Amma ta ce a takarda dai shara ce, injin ma shara ne, wanda ya kwashi shara kuwa taimako ya yi.

Saura yayata. Ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu nan take aje keken ɗinkinta, kuma shekara arba'in tana yaƙi da tarkacen wayoyinsa. Ni aka tura, wai ni ɗan'uwanta ne. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Auta, kai ma da girmanka ya ja ka cikin shirmensa?" Na ce ai waƙar haruffan nan da ita 'ya'yanta suka iya karatu. Ta ce da ita da bulalarta dai. Can ta ce a kawo, amma ranar da ta ga ɓera a ɗakin, da kwalayen da mai su duk waje.

Direban nan mai furfura shi ya kawo mana su a bayan mota ranar Alhamis, kafin masu shara su iso.

A gida ba mu yi gaggawa ba. In na karya in taho, mu saurari biyu ko uku, yayata tana ɗinki a gefe tana mana tsiya. Rana ta goma sha shida na ji shiru, na jira, sai ga muryar Anti tana cewa yara a yi gwaji tukuna. Na ɗaga hannu. Keken ɗinki ya tsaya.

Ruwan yoyon nan ya taɓa gefen tef ɗin, waƙa ta bakwai ta tafi, sauran tara lafiya lau. Kunne ya ce in saurara har ƙarshe in gaya masa ko akwai ƙara a ƙasan muryoyin. Na ce babu, kamar yanzu suke ɗakin. Ya gyaɗa kai, ya ɗauko alƙalami ya rubuta sunan faifan a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, gaba da baya da gefe.

Waƙoƙin sun fito wata huɗu da suka wuce, duka biyar. Ta bakwai ɗin daga faifan garmahon wata mata aka ciro ta, in ka kasa kunne za ka ji bambanci. Shugabar ta zo har gida ta kunna mana a wayarta, ta ce an rubuta sunansa a jiki. Ya ce to madalla, ya tambaye ta ko an rage ƙarar jitar nan. Ta ce ba a taɓa ba. Ya ce ai shi ke nan.

Kwali goma sha ɗaya suka rage a ɗakin ba mu saurara ba, na ɗauka za a zubar. Kunne ya ce tunda an fara a ƙarasa, ba a san abin da wani ya ɓoye ba. Yanzu ɗaya muke yi a wata, don kada su ƙare da wuri. Na jiya wani malamin gona ne yake bayanin yadda ake zuba taki, na gaya wa Kunne duk abin da ya ce, yayata ta ce mutumin ya fi mu amfani. Saura huɗu.